Ciwon hanta na garkuwar jiki ne ko aikin magani? Kes ɗin wata mata mai shekara 36

Matar shekararta 36, nauyinta kilo 60, an turo ta ne daga ƙaramin asibiti da takarda an rubuta ciwon shawara da zargin ciwon hanta na bairus. Abinda ta faɗa da bakinta shine kusan wata uku kenan tana fama da gajiya irin wadda ko ta yi barci bata sakinta, gaɓoɓin yatsu da gwiwa suna mata ciwo amma babu kumburi, abinci ya fita daga ranta, sai kuma sati biyu da suka wuce fitsarinta ya yi duhu idonta ya fara rawaya. Al'adarta ma ta ɗauke wata biyu, an yi gwajin ciki babu komai. Bata shan giya, ba'a taɓa ƙara mata jini ba, babu wanda aka sani da ciwon hanta a danginsu. Abinda take dashi tun da can shine ciwon tairod irin na Hashimoto, wanda garkuwar jiki ce take kai wa tairod ɗin hari, tana shan maganinsa kullum shekara biyu kenan. Da aka duba ta ido rawaya, hanta ta ɗan leƙo ƙasan haƙarƙari kuma tana jin zafi in an danna, saifa bata girma ba, babu ruwa a ciki, hankalinta garau.

Gwajin jini na farko ya dawo da ALT 780 alhali iyakar lab ɗin 40 ce, AST 640 (waɗannan biyun enzayim ne da suke tashi in ƙwayoyin hanta sun ji rauni), ALP mai tashi in hanyoyin matsarmama sun toshe 165 inda iyaka take 120, bilirubin mai sa ido rawaya 68, albumin 34, jimillar furotin 82, INR na daskarewar jini 1.2, filatlet 190. Toh abu na farko da ya kamata mutum ya yi da irin wannan sakamakon ba wai ya hau rubuta gwaje-gwaje ashirin bane, ya fara tambayar kansa wane irin rauni ne wannan, na ƙwayoyin hantar ne kansu ko na hanyoyin da ruwan matsarmama yake bi. Lissafin mai sauƙi ne, ka raba ALT da iyakarsa, ka raba ALP da nasa iyakar, sai ka raba na farko da na biyu. Nata ya bada wajen 14. In ya kai 5 zuwa sama raunin na ƙwayoyin hanta ne, in 2 ne zuwa ƙasa na toshewa ne. Kaga tun daga nan cututtukan hanyoyin matsarmama sun koma baya a layi, duk da ba'a cire su ba tukuna.

Akwai kuma wani abu a takardar da mutane da yawa suke tsallakewa saboda idonsu yana kan ALT. In ka cire albumin 34 daga furotin 82 saura 48, wannan gulobulin ne, rukunin furotin da antibodi, wato makaman garkuwar jiki, suke ciki, kuma ya yi yawa. Mace a wannan shekarun, da wata cutar garkuwar jiki a tare da ita, da ciwon gaɓoɓi, da ɗaukewar al'ada, ga gulobulin a sama, ai kusan hoton da Jan Waldenström na Suwidin ya bayyana ne tun 1950, matasan mata masu ciwon hanta mai daɗewa da yawan gamagulobulin a jini. Ian Mackay a Melbon ta Ostareliya ya sake bayyana cutar a 1956 ya jingina ta da lufus, wata cutar garkuwar jiki, daga baya aka gane cuta ce daban mai zaman kanta. A yau ita ce ake taƙaitawa da AIH, garkuwar jikin mutum ce take juyowa kan ƙwayoyin hantarsa, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na masu ita mata ne.

Amma zargi daban tabbatarwa daban. Babu gwaji guda ɗaya da zai ce maka wannan AIH ce, sai ka kori sauran kafin ka kira sunanta.

An fara da bairus tunda su suka fi yawa nesa ba kusa ba. IgM na ciwon hanta A, antibodin da yake nuna sabon kamu, babu, HBsAg mai nuna bairus ɗin B yana cikin jini babu, antibodin C babu kuma an ƙara da RNA ɗinsa saboda a sabon kamu antibodi yana iya makara, na E ma babu, bairus ɗin EBV da CMV tsohon kamu ne kawai. Sai dai anti-HBc, antibodin bairus ɗin B, ya fito fositif. Nan ne takardar da aka turo ta da ita ta samo asali, wani ya ga wannan layin ya ce ai B ne shikenan. Ba haka bane. Anti-HBc ba tare da HBsAg ba yana nufin ta taɓa haɗuwa da bairus ɗin jikinta ya danne shi, an yi DNA ɗin B kuma ba'a ga komai ba, don haka ba shi ne yake ɗaga ALT zuwa 780 ba. Amma fa kada a manta da shi, domin bairus ɗin B baya barin hanta gaba ɗaya, yana kwanciya ne, ranar da ka bawa mutum maganin danne garkuwa yana iya farkawa. Ku riƙe wannan zai dawo a gaba.

Sikanin ciki bai nuna dutse ko faɗaɗar bututu ba, babu kitse na a zo a gani, jijiyoyin jinin hanta a buɗe suke. Feritin, furotin mai ajiye ƙarfe a jiki, ya fito 900 wanda ya tayar da hankalin ɗaya daga cikin ƙananan likitoci har ya fara maganar cutar taruwar ƙarfe a jiki, amma cikar tiransferin, furotin mai ɗaukar ƙarfe a jini, kashi 32 ce kawai, kuma hanta mai kumburi dama tana zubar da feritin cikin jini, ba abin mamaki bane. Cutar Wilson ita ce bana so a yi mata sakaci a duk wanda bai kai arba'in ba, domin tana kwaikwayon AIH sosai har da antibodi wani lokacin, kuma maganinta daban ne kwata-kwata, tagulla ce take taruwa sai an fitar da ita. An auna serulofilazmin, furotin mai ɗaukar tagulla a jini, daidai yake, tagullar fitsarin awa 24 bata wuce iyaka ba, likitan ido ya duba da fitilarsa bai ga zoben tagulla na Kayser-Fleischer a idonta ba. Alfa-1 antitirifsin, furotin da matsalarsa take taɓa hanta, lafiya, gwajin siliyak, cutar hanji ta rashin jure alkama, lafiya.

Sai antibodin da garkuwar jiki take ƙerawa akan jikin mutum kansa. ANA 1:160, SMA 1:80, anti-LKM1 babu, anti-SLA babu, AMA babu, IgG, babban kason gulobulin ɗin nan, 31 alhali iyaka 16, IgM daidai. Wannan tsarin AIH nau'i na 1 ne, wanda ANA da SMA suke rakiya. Nau'i na 2 mai anti-LKM1 da anti-LC1 an fi ganinsa a yara, kuma LKM1 ɗin yana iya fitowa a masu ciwon hanta C shi ya sa ba'a karanta shi shi kaɗai. Rashin AMA da ALP da bai tashi sosai ba da IgM daidai sun sa PBC, cutar ƙananan hanyoyin matsarmama na cikin hanta, ta yi nisa. PSC kuma, cutar da take tsuke bututun matsarmama, babu abinda ya kira ta, bata da gudawa mai jini ko gyambon babban hanji, ALP ɗin ma bai kai ba, da yarinya ce ƙarama da an yi mata MRCP, hoton bututun matsarmama, ko ta halin ƙaƙa domin a yara PSC da AIH suna haɗuwa sosai, amma a babba mai wannan hoton ba dole bane.

Ra'ayina akan ANA dai, shine gwajin da yafi kowanne ɓatar da mutane a wannan fannin. Yana fitowa a masu kitsen hanta, yana fitowa a masu C, yana fitowa a masu lafiya lau musamman in shekaru sun ja, sannan a ɗaya ɓangaren akwai masu AIH ta gaske da suke zuwa da tsanani farat ɗaya antibodi babu IgG ma daidai. Duk wanda ya fara sitiroyid, maganin danne garkuwa da kumburi, saboda ANA kawai ko ya ƙi farawa saboda babu ANA, duka biyun sun gina hukunci akan abinda bazai ɗauka ba. Anti-SLA ne kaɗai in ya fito kusan ya gama magana, matsalar kaɗan ne daga cikin marasa lafiyar suke dashi, ita ma bata dashi.

Zuwa nan kowa ya kwantar da hankali cewa AIH ce, sai ga abinda ya rikita lissafin ya fito daga jakarta. An tambaye ta magunguna tun ranar farko ta ce na tairod kawai, an tambaye ta na gargajiya da kafson rage ƙiba ko ƙarin kuzari ta ce bata sha. Nas ce da take jera mata kaya ta ga wani kwali ta ce Malama wannan fa na mene ne, ta ce au wannan ai ba na ciwo bane likita ne ya ce in riƙa shan guda ɗaya da daddare don kada ciwon mafitsara ya dawo. Naitrofurantoyin ne, wata bakwai tana sha. Ba ɓoyewa ta yi ba, a wajenta magani shine abinda kake sha don kana ciwo, na rigakafi bai shiga lissafi ba. Shi ya sa tambayar "kina shan magani" bata isa ba, a ce a kawo duk abinda ake haɗiya a gani da ido.

Me yasa wannan ya zama matsala? Domin naitrofurantoyin da minosaikilin da ake bayarwa na kurajen fuska sune manyan magunguna biyu da suke haifar da ciwon hanta mai kama da AIH ta kowace fuska, ANA fositif, SMA fositif, IgG a sama, mata ne suka fi yawa, har naman hantar ma in an duba a madubin lab hoton ɗaya ne. Metildofa da haidralazin na hawan jini da infiliksimab suma suna cikin jerin. Kuma naitrofurantoyin baya buƙatar ya yi ɓarnar a satin farko, mutum yana iya shafe watanni ko shekaru yana sha kafin ta bayyana.

An tsayar da shi nan take. Tunda INR ɗinta bai lalace ba kuma hankalinta daidai, an samu damar jira a gani ko hantar zata sauko da kanta. Bayan sati biyu ALT ya koma 710 wanda ba wani sauka bane, bilirubin kuma ya hau 85. Sai aka yi bayofsi, aka ɗebo ɗan tsinken naman hanta da allura. Rahoton ya nuna kumburi mai yawa a bakin iyakar da ke tsakanin yankin fotal, inda jijiyoyin jini da bututun matsarmama suke bi, da ƙwayoyin hanta, ƙwayoyin garkuwar jiki na limfosait da na filazma sun taru suna kutsawa ciki, ƙwayoyin hanta sun jeru a zagaye kamar fure, an kuma ga limfosait a cikin cikin ƙwayar hanta, bututun matsarmama lafiyarsu ƙalau, babu kitse, babu taruwar tagulla ko ƙarfe, tabo kuma matsakaici mataki na 2 cikin 4, bai kai sirosis ba, wato kangarewar hanta. Wannan na ƙarshen sa'a ce, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na manya masu AIH ana gano su ne hantar ta riga ta kangare.

In aka ɗora ta akan sauƙaƙan ma'aunin ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu binciken AIH na 2008, antibodi 1:80 zuwa sama maki 2, IgG da ya wuce iyaka da fiye da kashi goma cikin ɗari maki 2, bayofsi mai ainihin hoton AIH maki 2, rashin bairus mai aiki maki 2, jimilla 8, alhali 6 ana cewa mai yiwuwa, 7 ana cewa tabbas. Toh amma ku lura ma'aunin nan babu inda ya tambayi magani. Tsohon ma'aunin da aka gyara a 1999 shi yana cire maki in akwai tarihin shan maganin da ke taɓa hanta, na 2008 an sauƙaƙa shi ne don a yi amfani da shi a bakin gado kuma wannan yana cikin abinda aka zubar. Mai ciwon hanta na naitrofurantoyin zai ci 8 ɗin nan cif kamar yadda mai AIH ta gaske zai ci. Makin bai raba gardamar ba.

Gardama kuwa an yi ta sosai a zagayen safe. Ɓangare ɗaya suka ce AIH ce ta asali, ga Hashimoto, ga tabo mataki na 2 wanda yake nuna abin ya daɗe, ga kuma wani tsohon sakamako da aka tono a fayil ɗinta na lokacin da aka gano tairod ɗin, ALT 62, tun kafin ta taɓa ganin naitrofurantoyin, kuma an daina maganin sati biyu ba'a ga sauƙi ba, don haka a fara sitiroyid ɗin firednisolon a haɗa da azatiyofirin, maganin danne garkuwa na dogon zango, a wuce wajen. Ɗaya ɓangaren suka ce a'a a dakata, tairod da ya yi ƙasa ba'a yi maganinsa ba shi kansa yana ɗan ɗaga enzayim, awo ɗaya tal na 62 ba hujja bane, naitrofurantoyin in an daɗe ana sha yana barin tabo, kuma ciwon da ya haddasa yana iya ɗaukar watanni kafin ya lafa ko bayan an daina. Suka kawo binciken da Björnsson da abokan aikinsa suka fitar daga asibitin Mayo na Amurka a 2010, inda a cikin masu AIH 261 aka samu 24 magani ne sila, kusan dukkansu naitrofurantoyin ko minosaikilin, kuma waɗanda aka cire musu maganin danne garkuwa a cikinsu babu wanda ciwon ya dawo masa, alhali a masu AIH ta asali wajen kashi 65 ya dawo. Maganar su ita ce in ka ɗora mace mai shekara 36 akan azatiyofirin yau, ka rufe ƙofar sanin gaskiya, zata yi ta sha shekara da shekaru watakila akan ciwon da ya riga ya tafi da kwalin magani.

Abinda duka suka yarda dashi shine sitiroyid kam sai an bayar, bilirubin yana hawa ba'a zuba ido. Tun gwaje-gwajen farkon shekarun 1970 a Landan da Mayo aka tabbatar firednisolon yana rage mutuwa a wannan cutar, kuma in ma maganin ne sila yana taimakawa. Saɓanin akan me zai biyo baya ne. A ƙarshe an tsaya akan firednisolon shi kaɗai miligiram 40 a rana, a riƙa ragewa a hankali har a cire a cikin wata shida, a sa ido sosai. Ni a ganina hukuncin ya yi ne kawai saboda bata da sirosis kuma mace ce mai zuwa asibiti duk ranar da aka ce ta zo. Da hantar ta kangare, ko da mai ɓacewa ce sai ciwo ya kayar da ita, da ban goyi bayan wannan gwajin ba, domin dawowar ciwon akan hanta mai sirosis tana iya kaiwa ga gazawar hanta. Budesonaid, wani sitiroyid ɗin, ma an ambace shi saboda illarsa kaɗan ce, amma da ciwon da zafinsa haka an fi natsuwa da firednisolon, shi budesonaid ɗin dama ba'a bawa mai sirosis.

Kafin ƙwayar farko an auna suga da hawan jini, an bata kalsiyam da bitamin D saboda ƙashi, an yi mata rigakafin ciwon hanta A, an kuma tsara auna HBsAg da DNA ɗin B lokaci-lokaci saboda anti-HBc ɗinnan.

Amsawar ta yi kyau ƙwarai, cikin sati biyu ALT ya sauko 240, shawarar ta washe kafin wata ɗaya, a wata na uku ALT 31 IgG 14, al'ada ta dawo, fuska ta ɗan cika kamar yadda aka saba gani da sitiroyid wanda bai mata daɗi ba sam. Wasu suna ɗaukar saurin amsa sitiroyid a matsayin hujjar AIH, gaskiya ne AIH tana amsawa har in mutum bai amsa ba sai a koma a sake duba ko an yi kuskuren suna, amma a nan bai raba komai ba tunda na magani ma haka yake amsawa. An cire firednisolon a wata na shida, ana auna jini duk sati biyu zuwa uku.

Sati na goma bayan cirewa, bata jin komai a jikinta, ALT ya fito 210, IgG 21.

Nan ma ba'a yi saurin cewa ga AIH ta dawo ba, domin wanda ya sha sitiroyid wata shida kuma yana da anti-HBc, lokacin da garkuwarsa take farfaɗowa bayan an cire maganin shine daidai lokacin da farkawar B take nuna kanta da tashin ALT, kuma in ka mayar masa da firednisolon akan B mai aiki ba tare da maganin bairus ba ka zuba fetur a wuta. An sake HBsAg da DNA, duka babu. An sake na E da na A da C, babu. An zauna da ita an bi duk abinda ta haɗiya a watannin, ta yi ciwon mafitsara sau ɗaya amma wani maganin daban aka bata kwana uku tun wata huɗu baya, naitrofurantoyin bata sake taɓa shi ba fiye da wata takwas. Ciwon da ya dawo da kansa tare da tashin IgG, babu magani babu bairus, shine ya yanke hukuncin da antibodi da bayofsi da maki 8 suka kasa yankewa, AIH ce nau'i na 1.

An mayar da firednisolon a ƙaramin awo, miligiram 30, bayan sati biyu da ALT ya fara sauka aka ƙara azatiyofirin 50 bayan an duba TPMT, enzayim ɗin da in mutum bashi da isasshensa maganin yake durƙusar da ɓargo, daga baya aka kai shi 100 wanda yake cikin miligiram 1 zuwa 2 na kowane kilo. Ana bin ƙidayar jini akai-akai a watannin farko. Burin da aka sa ba wai ALT ya ragu bane kawai, ALT da AST da IgG duka su koma daidai su zauna a nan, domin enzayim da yake ɗan sama kaɗan shekara da shekaru shine yake ƙarasa tabon a ɓoye. Ta kai wannan matakin a wata na biyar, firednisolon ya sauko 5 sannan aka cire, tana kan azatiyofirin shi kaɗai.

Ta tambaya yaushe zata daina, an faɗa mata gaskiya cewa ƙa'idar ita ce ba'a ma fara tunanin cirewa sai gwaji ya zauna daidai aƙalla shekara biyu, kuma ita da ciwon ya riga ya dawo mata sau ɗaya mafi yiwuwa maganin na dogon zango ne. Ta kuma tambayi maganar haihuwa, aka ce mata azatiyofirin ana ci gaba da shi da ciki, abinda ake so shine ciwon ya kwanta kamar shekara guda kafin ta ɗauka, kuma watannin bayan haihuwa sune lokacin da yafi tashi don haka za'a matso da awo a lokacin. An rubuta a fayil ɗinta cewa in har azatiyofirin ya ƙi ta aka koma wani maganin danne garkuwar mai suna maikofenolet, sai da tsarin hana ɗaukar ciki domin shi yana illata jariri. An kuma rubuta naitrofurantoyin da minosaikilin a jerin magungunan da ba za'a sake bata ba, likitan mafitsara ya canja mata tsarin rigakafin, awon jini duk wata uku, DNA ɗin B kuma ana ci gaba da dubawa muddin tana kan maganin danne garkuwa.